Ranar da Na Ce Sunana Rabi

Hancina ne ya fara sani. Ina zaune a benci na uku daga baya, ƙawata Talatu tana gefena tana ɓare dafaffiyar gyaɗa tana zuba min a tafin hannu, sai na ji warin taya. Ba ƙaurin shara ba ne, ba kuma hayaƙin mai gasa masara ba. Taya ce aka cinna wa wuta, irin warin nan da yake kama maƙogwaro. La'asar ta yi, an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi luf, sama ta washe. A tsakiyar filin, 'yan wasa mata sanye da baƙaƙen zannuwa suna waƙar makoki, masu kallo sun yi tsit. Babu wanda ya motsa. Ni kaɗai na ɗaga kai. Da na waiwaya sai na ga matar da ke sayar da gyaɗar a bakin ƙofa ta daina miƙa wa mutane, tana ɗaure bakin ledarta da sauri, idonta a kan katanga. Ita ma ta ji. A nan na san ba hancina ke min ƙarya ba.

Ni ba tsohuwa ba ce. Sakandare kawai na gama. Amma tun ranar nan, in na tuna yadda muka taso a Muchia, sai in ji kamar ina ba da labarin wani gari da ruwa ya cinye. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakiya. Kiran assalatu ne agogonmu, mu da muke zuwa coci, domin da ladan ya buɗe baki Mama za ta taɓa ƙafata ta ce in tashi in kama layin guga. Kafin gari ya waye ka ji tsintsiya tana bin tsakar gida, ka ji taɓarya, ka ji maƙwabciyarmu 'yar kudu tana yi wa 'ya'yanta faɗa da burokin ɗin Turanci, su kuma suna ba ta amsa da Hausar da ta fi tawa. Nawa aikin sharar ƙofa ne da wanke-wanke da kai markaɗe. In na gama da wuri, Kakata takan ba ni ƙanzon tuwo da ta ɗumama, ta ce in ci a bayanta kada sauran su gani.

Kakata ce ta sa min son wasan kwaikwayo. Ba ta iya kallo da baki a rufe. In ana wasan Kirsimeti a harabar cocinmu, wanda ya fito a mugun sarki da gemun auduga ya fara ƙarya, sai ka ji muryarta daga cikin mata: "Kai, ji tsoron Allah, ai muna nan ka aikata!" Mutane su fashe da dariya, har sarkin gemunsa ya faɗi. 'Ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suna jere a kan katanga suna kallo, ba mai korarsu, a ƙarshe ma har da su ake cin shinkafa. In azumi ya kai goma kuwa, mu ne muke bin 'yan tashe gida-gida, mun haddace waƙoƙin tsaf. Kaka takan ce a zamaninsu ɗaliban jami'a sukan fito daga Samaru su kafa wasa a bakin kasuwa ko a dandalin ƙauye, manomi ya ajiye fartanya ya shiga cikin wasan ya gyara musu inda suka yi kuskure. Ta ce wasa na kowa ne, wanda ya tsaya kallo ma ɗan wasa ne. A lokacin duk abin da ya faru a fili, a fili yake tsayawa. A yanka mutum da takobin kwali, ya mutu, a tafa, ya tashi ya kaɗe wandonsa.

Sai aka yi abin da aka yi, rikicin addini ya ɓarke a gari. Ina firamare. Ban san wa ya fara ba, har yau kowa da wanda yake nunawa. Abin da na riƙe shi ne warin taya da rana tsaka, da tafin hannun Kaka a kan bakina, da simintin barikin soja da muka gudu muka kwanta a kai kwana da kwanaki. Da muka koma gida, rijiyar tana nan, amma rabin masu layin guga sun tashi, sun koma inda nasu suka fi yawa. 'Yan tashe suka daina shigowa layinmu. Aka ƙara wa katangar coci tsawo, aka dasa mata fasassun kwalabe. Gidanmu kuma ya sami dokoki. Jaka ɗaya tana rataye a bayan ƙofa da takardunmu da zani biyu, ba a taɓa ta. Kaka ta ce: "In kika ji warin taya, kada ki tsaya tambaya. Wanda ya tsaya tambaya muka bari a baya." Mama ta saya min hijabi ruwan toka, ta ninke shi ƙarami ta sa a ƙasan jakata, ta ce duk inda zan je in ya wuce Sabon Gari, da shi zan tafi. Ta kuma ba ni suna. Sunana Rifkatu, amma ta ce in ta ɓaci a unguwar da ba tamu ba, aka tambaye ni, in ce Rabi. Har gwaji take min ina wanke-wanke. "Ke yarinya, ya sunanki?" In na ce Rifkatu, ta ɗaka min duka a baya. Ina dariya a lokacin. Kaka ba ta dariya. Da za ta rasu ta cire 'yar sarƙarta mai gicciye ta ɗaura min a wuya, ta ce ita ba ta taɓa cire ta ba ko a bariki.

Haka muka girma, mu 'yan yanzu. Kakanninmu sun je kallo da tabarma, mu muna zuwa da sunan aro a aljihu. Duk inda na shiga, ƙofar fita nake fara nema. Takalmin da ba zan iya gudu da shi ba, ba na saya, komai kyansa. Wannan kowa a garin nan ya san shi. Mai shago ya sani, mai napep ya sani, mai gyaɗa ta sani. Shi ya sa har yanzu in na tuna mutanen nan masu wasa, sai haushi ya turnuƙe ni, ba tsoro kaɗai ba.

Talatu ce ta gayyace ni. Ajinmu ɗaya tun shigarmu sakandare, ita Musulma ce, gidansu a Samaru. Ta san sirrina kaf, ban da hijabin nan da sunan Rabi. Waɗannan ban taɓa gaya mata ba, kunya nake ji. Ta kira ni ta ce wasu ɗalibai masu haya a wajen Bomo sun kafa ƙungiyar wasa ta kansu, za su yi wani babba a fili, kyauta.

"Ke dai ki zo, uwar tsoro," in ji ta. "Kafin magariba an tashi. Ni zan sa ki a mota da hannuna."

"In Mama ta ji Samaru zan je kallo, sai ta kulle ni."

"Ki ce mata wajen surukarki za ki. Yayana har yanzu yana tambayarki."

"Allah ya kiyaye. Wannan mai kan kamar tulu?"

Fili ne mai katangar ƙasa a zagaye, ƙofa ɗaya, an jera bencina da tabarmi. Mutane sun cika: ɗalibai, matan unguwa da goyo, dattawa biyu-uku a gaba. Kafin a fara wani dogo mai gemu da tabarau ya fito, yana haɗa Turanci da Hausa, ya ce shi ne mai shirya wasan. Ya ce tsohon wasa ne ƙwarai na ban tausayi, daga wata ƙasa mai nisa, su suka mayar da shi Hausa. Ya ce a kashe waya. Ya ce kada a tafa sai ƙarshe. Ya faɗi komai, ban da abu ɗaya da ya kamata ya faɗa.

Kuma wasan ya yi kyau, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Labarin wani gari ne da abokan gaba suka kewaye, mazan sun ƙare a yaƙi, matan suna zaune suna jiran abin da zai zo. Wata tsohuwa a cikinsu tana lissafa 'ya'yanta da ta binne, muryarta sak ta Kaka. Na manta da ƙofa. Karo na farko cikin shekaru na zauna a taro ban san ta ina zan fita ba. Ina share hawaye, Talatu tana zungurina tana cewa, "Kukan me kike, ke da ba a kashe miki kowa ba?" Sai warin ya zo.

Na kama hannunta. "Talatu, kin ji?"

"Me?"

Ban kai ga amsa ba baƙin hayaƙi ya taso ta bayan katanga. Wata murya ta ƙwala daga waje, ba daga cikin filin ba: "Sun shigo! Sun shigo gari!" Wasu muryoyin suka karɓa ta kowane gefe. Sai ga maza suna dirowa ta kan katanga a bayanmu, fuskokinsu a naɗe da ƙyalle, hannu ɗaya adda, hannu ɗaya wuta.

Ban san wa ya fara tashi ba. Benci ya kife. Wata mata ta kurma ihu tana salati, wata tana kiran Yesu. Duk muka yi ƙofa ɗaya. Na taka mutum, na ji taushin jikinsa a ƙarƙashin ƙafata, ban duba ba. Na ji kamar wani yana ihu da Turanci a tsaya, a zauna, amma wa zai zauna? Hannun Talatu ya suɓuce daga nawa a bakin ƙofa. Na faɗa titi. Masu shaguna da suka ga mutane suna gudu ga hayaƙi a sama, ba su tambayi kowa ba, sai ƙarar ƙofofin ƙarfe kake ji ana ja. Masu napep suka juya kan kekunansu. Mai tsire ya bar wutarsa.

Jikina ya yi abin da aka koya masa. Ina gudu na zaro hijabin na zura. Na kai hannu wuya na fizge sarƙar Kaka, ta yanke ni, na jefa ta cikin kwata. Ban yi tunani ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Abin da tsohuwa ta riƙe a wuyanta cikin wuta ta gaske, ni na yar da shi.

Na shiga wani lungu. Sai na ji ta a bayana, can bakin titi.

"Rifkatu! Rifkatu!"

Muryar Talatu ce. Tana ƙwala sunana da duk ƙarfinta, a tsakiyar Samaru, sunan da duk wanda ya ji ya san ko ni wace ce. Na lafe a bayan wani tankin ruwa. Na gan ta ta wuce bakin lungun, ba ɗankwali, tana dube-dube. Da na ɗaga hannu za ta gan ni. Ban ɗaga ba. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: ba sunan kaɗai na ji tsoro ba. Wani abu ya raɗa min a zuciya, me ya sa ta nace sai na zo yau? Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya, wannan tunanin ya zo min, kuma na saurare shi. Na bari ta wuce.

Ƙofar farko da na samu a buɗe na faɗa. Na ratsa zaure ba sallama. Wata dattijuwa tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, ta ɗago da muciya a hannu.

"Lafiya? Ke 'yar wace ce?"

"Inna, ki rufa min asiri. An fara. Suna da adduna."

Ta ajiye muciyar, ta je ta sa wa ƙofa sakata, ta dawo ta tsaya a gabana. "Ya sunanki?"

"Rabi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Sai ta miƙo hannu ta kama hijabin ta juya shi. Ashe a birkice na sa, wajen haɓa yana goshi. Ta gyara min shi a hankali, yatsanta ya taɓa inda sarƙa ta yanke ni, ta ga jinin, ba ta ce komai a kai ba.

"To, Rabi," ta ce. "Shiga ɗakin can, bayan buhunan masara. Wanda zai taɓa ki sai ya fara da ni."

A bayan buhunan na kunna waya na kira Mama. Ga nawa laifin, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce mata da raɗa, "Mama, an fara a Samaru. Na gan su da idona, da adduna da wuta." Ta yi ƙara ta ce kada in motsa. Mama ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta kira mijinta a kasuwa. Ba ni kaɗai na kira gida ba, na sani, amma ina cikinsu. Da Mama ta kira ni daga baya, muryarta ta canja. Ta ce ana rufe kasuwar Sabon Gari. Ta ce ta sauke jakar bayan ƙofa. Ta ce mazan layinmu sun taru a bakin layi, Baba ma ya fita, ya ɗauki ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Babana, malamin firamare, mai ciwon gwiwa.

Na zauna ina jin gari. Tuwon Inna ya kama, ina jin ƙaurinsa, ba ta koma kansa ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin tana jan carbi. Duk takun da ya wuce a lungu sai in ce nawa ne. Na so in yi addu'a, na kai hannu wuya, babu komai. Aka kira magariba. Tun ina yarinya wannan kiran yake nufin a shigo da shanya, a kunna fitila. Ranar nan na ji shi na ƙara shigewa bayan buhu, kuma wannan ma ban yafe wa masu wasan ba.

Ana idar da salla aka buga ƙofa. Inna ta tambaya wane ne. Muryar mace ta amsa, a dishe: "Don Allah Inna, ko wata yarinya ta shigo nan? Doguwa, baƙa, da jar riga. Gida-gida nake bi." Na ji an zare sakata. Na ji maganganu ƙasa-ƙasa, da muryar namiji, sai salatin Inna mai tsawo. Ta leƙo.

"Rabi, fito."

"Wace Rabi?" in ji Talatu.

Na fito. Tana tsaye a tsakar gida ba takalmi, babban yatsanta yana jini. A bayanta ga dogon nan mai gemu, tabaransa ya fashe ido ɗaya, yana riƙe da adda. Na ja da baya. Ya miƙo min ita ta wajen ƙota.

"Sista, ki yi haƙuri. Katako ne, taɓa ki ji. Duk cikin wasan ne. Yaranmu ne suka diro. Mun so masu kallo su ji abin a jikinsu, shi ya sa ba mu sanar ba."

Na karɓa. Ba ta fi ludayi nauyi ba. An shafa mata fenti ruwan azurfa, har ya ɗan manne min a hannu.

"Tayar fa?" na ce.

"Tsohuwar taya ce guda ɗaya. Don hayaƙi."

"Kai ɗan ina ne?" Inna ce ta tambaya. Ya ce nan ya yi karatunsa duka. Ta ce, "A nan? Ka sha ruwan garin nan, ka ƙona taya a bayan mata da goyo, ka ce a ji a jiki? Wa ya gaya maka ya fita daga jikinmu?" Ya sunkuyar da kai, ya fara wani bayani da Turanci. Na ɗaga addar na maka ta da turmi, ta karye biyu. Na so in ce masa a kwata sarƙar Kakata take. Na so in ce masa babana yana bakin layi da ƙarfe.

"Kira uwarki," in ji Inna. "Yanzu-yanzu, kafin wani ya jefi wani a can."

Na kira. Na ce, "Mama, wasa ne. Ki ce wa Baba ya koma gida. Ki gaya wa kowa." Sai na ji ta tana ƙwala wa mutanen bakin layi kira, tana kuka tana zagi.

Na juya wajen Talatu. Hijabin take kallo. Sabo ne fil, duk layin ninkinsa a jiki, na shekaru.

"Tun yaushe kike yawo da shi?" ta ce.

"Tun firamare."

"Har in za ki zo gidanmu?"

Na kawar da kai.

"Na bi titin nan ina kiranki har muryata ta mutu. Ba ki ji ni ba?"

Da na ce ban ji ba, da ta yarda, don tana so ta yarda. Na ce, "Na ji."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta zauna a bakin rijiya ta ɗebi ruwa a buta tana wanke yatsanta, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na ce zan sa ki a mota da hannuna. Bari in gama."

Agogon bangon Inna ya nuna bakwai saura kwata. Ta sauke tukunyar tuwon da ya ƙone, ta zo ta dafa kafaɗata.

"Shi ke nan, 'yata. Gari lafiya lau, babu abin da zai same ki. Cire abin nan ki sha iska, ki gaya min sunanki na gaskiya."

Na kama bakin hijabin da hannu biyu. Hannuwan suka ƙi ɗagawa.